Yadda za ka gane su waye mazauna ƙaramin gari a Amurka daga alƙaluman ƙidaya

Duk wanda ya samu gurbin karatu ko aiki a wani ƙaramin gari na Amurka, in ya gama tambayar kuɗin haya da tsananin sanyi, abu na gaba da yakan so ji shi ne su waye mutanen garin. Akwai baƙaƙen fata? Akwai Musulmi? In na yi sallama akwai mai amsawa? Da yake a jihar Iowa nake zaune, ƙannen abokai da ɗaliban da ke shirin tasowa sukan turo mini wannan tambaya, galibi haɗe da hoton wani ɗan rubutu da suka tsinta a intanet, mai cewa fararen fata kashi kaza ne, baƙaƙe kashi kaza, saura kashi kaza. Wani ya karanta hankalinsa ya tashi, wani ya karanta ya saki jiki, alhali sau da yawa dukkansu biyun ba su gane abin da suka karanta ba.

Kusan duk waɗannan alƙaluma daga wuri ɗaya suke fitowa, wato Hukumar Ƙidaya ta Amurka. Ƙasar tana ƙirga mutanenta duk bayan shekara goma tun daga 1790, kuma ƙidaya ta ƙarshe, ta 2020, ta samu mutum 331,449,281. Kyauta ake duba sakamakon, ko daga Kano kake ko daga Damagaram, muddin kana da data a waya. Wahalar tana wajen karantawa. Jadawalin yana ɗauke ne da amsar tambayoyin da gwamnatin Amurka ta yi wa mutanenta, su kuwa tambayoyin sun samo asali daga tarihin ƙasar na bauta da wariyar launin fata da kwararowar baƙi. Kai kuma da taka tambayar ka zo. Aikinka shi ne ka tatso amsarka daga jadawalin da ba domin kai aka tsara shi ba.

Zan yi aiki da gari guda don kada magana ta tsaya a iska. Sunansa Postville, yana arewa maso gabashin Iowa, kewaye da gonakin masara. Mutum 1,472 aka ƙirga a cikinsa a 1990, sai 2,273 a 2000, sai 2,227 a 2010, sannan 2,503 a 2020. Iowa jiha ce da sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta fararen fata ne, amma wannan ɗan garin ya tara mutane daga kusan kowace kusurwa ta duniya. Shi ya sa yake da daɗin koyo da shi.

Ka tabbata garin da kake nema ne

Ka shiga data.census.gov, ka rubuta sunan garin tare da sunan jiharsa. Kada ka bar jihar, domin Amurkawa ba su gajiya da maimaita suna. Garuruwa masu suna Springfield kaɗai sun bazu a jihohi da dama. Hukumar tana da wani shafi mai sauƙin karantawa da ake kira QuickFacts, amma garuruwan da suka kai mutum 5,000 kaɗai yake kawowa, don haka Postville da ire-irensa ba sa ciki.

In ka ga haruffan CDP a bayan sunan wuri, ka san cewa wurin ba shi da hukumar gari ta kansa. Hukumar ƙidaya ce ta shata masa iyaka don ta samu abin ƙirgawa, kuma iyakar tana iya canjawa daga wata ƙidaya zuwa wata. Ka kuma rarrabe gari da gundumar da yake ciki. Postville ya ɗare kan iyakar gundumomi biyu, Allamakee da Clayton, waɗanda akasarin mazaunansu fararen fata ne 'yan karkara. Wanda ya dubi alƙaluman gunduma ya ɗauka ya ga garin, to bai ga komai ba. Adireshin gidan waya ma yana ruɗa mutum: gida na iya amsa sunan gari a wasiƙa alhali yana can cikin gonaki, wajen iyakar da aka ƙirga.

Tambayoyi biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai.

Fom ɗin ƙidayar 2020, kamar na 2010 da na 2000, ya yi tambayoyi biyu a rarrabe. Ta farko: shin kai ɗan asalin Latino ne, wato tushenka daga Meziko ko Kuba ko Gwatamala ko wata ƙasa mai jin Sifaniyanci? E ko a'a. Ta biyu: wane jinsin mutane ne kai? A nan aka jera fari, baƙi, mutanen asali na nahiyar Amurka da Alaska, 'yan Asiya, mutanen Hawaii da tsibiran tekun Pasifik, sai wani gurbi na wanda bai ga kansa a ko ɗaya ba. Tun daga 2000 an yarda mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. Babu jami'in da zai dubi fatarka ya yanke maka hukunci; abin da ka ce kai ne, shi ake rubutawa.

A idon gwamnati, Latino asali ne, ba launi ba. Mutumin Meziko zai iya cewa e a tambaya ta farko, ya zaɓi fari a ta biyu. Ɗan Jamhuriyar Dominika zai iya cewa e, ya zaɓi baƙi. Miliyoyi kuma sukan dubi jerin su ga babu inda suka dace, sai su faɗa gurbin nan na ƙarshe. Saboda haka duk inda ka ga layin "wani jinsi daban" ya kumbura a ƙaramin gari, kusan ko yaushe Latino ne a ciki.

Ga yadda abin ya fito a Postville a 2010. Fararen fata kashi 77.0, baƙaƙe 4.4, mutanen asali 0.6, 'yan Asiya 1.0, 'yan tsibiran Pasifik 0.7, wani jinsi daban 14.3, masu jinsi biyu ko fiye 2.0. Haɗa su, za ka samu ɗari cif. Sai kuma a ƙasa a ce Latino kashi 32.0 ne. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗora 32 a kan 100 ya ce lissafin Bature ya karye. Bai karye ba. Waɗannan kashi 32 suna nan a warwatse cikin layukan da ke sama, wasu a layin farare, wasu a layin wani jinsi daban. Ma'ana, a cikin kashi 77 ɗin nan da aka kira farare akwai ɗaruruwan mutanen da Sifaniyanci ko wani harshen Maya, na mutanen asali na Gwatamala da Meziko, suke yi a gida.

Maganin wannan ruɗani jadawali ne mai lamba P2. A akwatin bincike ka rubuta P2 tare da sunan garin. Shi wannan yana fara ware Latino gefe guda, ko wane launi suka zaɓa, sannan ya raba sauran mutanen gida-gida. Ba a ƙirga kowa sau biyu. P1 shi ne mai jinsi zalla, wanda aka fi kwafowa a intanet. Ni dai da P2 nake farawa, in koma P1 daga baya in ga inda Latino ɗin garin suka ajiye kansu. A matakin ƙasa baki ɗaya, bambancin ya fito haka a 2020: P1 ya ce farare kashi 61.6 ne, P2 ya ce fararen da ba Latino ba kashi 57.8 ne, Latino kuma 18.7.

Sai ka lura da wani abu kuma. Wasu jadawalai suna ƙirga wanda ya zaɓi baƙi kaɗai, wasu suna haɗawa da wanda ya zaɓi baƙi tare da wani jinsin. A babban birni bambancin bai cika sauya hoto ba. A garin mutum dubu biyu, 'ya'yan auren gauraye na gidaje biyar sun isa su motsa lamba.

Mayar da kashi ya koma mutane

Kashi cikin ɗari yana da kwarjini fiye da ƙarfinsa. A ƙaramin gari kada ka yarda da shi sai ka juya shi ya koma kawunan mutane. Kashi 4.4 na 2,227 bai wuce mutum 98 ba. Kashi 0.7 kimanin mutum 16 ne. Kashi 0.6 kuwa mutum 13 ne ko 14, wato gida uku ko huɗu. In iyali biyu suka kwashe kayansu suka koma Minneapolis, sai ka ji an rubuta cewa wata al'umma ta ragu da rabi a garin. Shafin hukumar yana ba da ainihin adadin mutane. Shi za ka riƙe, ka yi rabon da kanka in kana so.

Haka nan, kashi 2 a birnin mutum dubu ɗari yana nufin mutum dubu biyu, waɗanda za su iya riƙe masallaci da kantin kayan miya da mai aski. Kashi 10 a ƙauyen mutum ɗari uku mutum talatin ne. Ɗalibin da ya zaɓi ƙauyen don ya ga babbar lamba zai sha mamaki.

Abin da layi ɗaya ke haɗiyewa

Mu a gida in aka ce su waye a unguwa, amsar da muke jira ita ce Hausawa ne, Fulani ne, Barebari ne, Yarabawa ne, ko kuwa Nufawa. Ko da yake, abin dariya, ƙidayar Najeriya ta 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda an san rigimar da amsar za ta tayar. Jadawalin Amurka yana tambaya, amma da manyan buhuna yake awo. Kamar a rubuta "hatsi" a jikin buhu ne, a ciki kuwa ga gero ga dawa ga maiwa. Layin baƙaƙen fata ya haɗa jikan bayin da aka kawo shekaru ɗaruruwa da suka wuce, da Basomale ɗan gudun hijira, da likita ɗan Enugu, da ɗan Haiti, da kai. Layin farare ya haɗa jikan Jamusawa manomi da Bayahude da Balaraben Labanon da Bamisire, domin har zuwa ƙidayar 2020 mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka cikin farare ake lissafa su.

Abin da zai buɗe maka buhun shi ne tarihin garin, kuma a ƙaramin gari tarihin yakan rataya ne a wuyan ma'aikata guda. Ka tambayi kanka: me ake yi a garin nan da zai kawo baƙo? A tsakiyar Amurka amsar sau da yawa mayanka ce, inda ake yanka shanu ko aladu ko kaji ana sarrafa naman.

Postville haka yake. A 1987 wani iyalin Yahudawa masu tsananin riƙo da addini daga Brooklyn da ke birnin New York suka sayi wata tsohuwar mayanka da ta mutu a bakin garin, suka farfaɗo da ita da sunan Agriprocessors, suna yanka irin na shari'ar Yahudu. Malaman yanka suka zo da iyalansu. Aikin fiɗa da ɗauka ya jawo leburori, da farko daga Rasha da Yukren da maƙwabtansu, daga baya daga Meziko da Gwatamala. Wannan ne ya ɗaga garin daga 1,472 zuwa 2,273 cikin shekara goma. Ranar 12 ga Mayun 2008 jami'an shige da fice suka kai samame mayankar, suka kama mutum 389, akasarinsu 'yan Gwatamala. A garin da bai kai mutum dubu biyu da ɗari biyar ba, ka ƙiyasta girman wannan giɓi. Kamfanin ya shiga neman ma'aikata ko ta ina. Somalawa suka zo daga Minnesota. Aka ɗebo mutane fiye da ɗari daga Palau, wata 'yar ƙasar tsibirai a Pasifik wadda yarjejeniyarta da Amurka ta ba mutanenta damar yin aiki ba tare da biza ba. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya karye, a 2009 wasu suka saye shi suka sa masa suna Agri Star.

Yanzu koma ka sake duban jadawalin 2010 da wannan labari a kanka. Baƙaƙen nan 98, ka san daga inda da yawansu suka fito da abin da ya kawo su. 'Yan tsibirai 16 ɗin nan, da wuya ka raba su da ayarin Palau da ya zo ya watse. Yahudawan garin, waɗanda duk wanda ya taka babban titin zai gan su da baƙaƙen huluna da dogon gemu, ba su da layi ko ɗaya. Sun narke cikin kashi 77. Ga Musulmin da ke neman wurin zama, baƙaƙe 98 da yawancinsu Somalawa ne labari ne daban da baƙaƙe 98 na wani gari a Mississippi, ko da yake jadawalin iri ɗaya zai nuna.

Don samun irin wannan tarihi ba sai ka wahala ba. Ka rubuta sunan garin a Google tare da kalmar mayanka ko masana'anta ko 'yan gudun hijira da Turanci, ka karanta jaridun jihar. Rabin awa ya isa.

A 2020 hukumar ta ɗan sassauta. A ƙarƙashin akwatin baƙar fata an bar fili mutum ya rubuta tushensa, har aka ba da misalai da ɗan Najeriya da ɗan Habasha da Basomale da ɗan Jamaika da ɗan Haiti. An fitar da sakamakon wannan a Satumbar 2023 cikin wani kundi mai suna Detailed DHC-A, inda aka ga sama da mutum 600,000 sun rubuta Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka kudu da Sahara. Kana iya neman garinka a ciki, sai dai ba a nuna wata al'umma a ƙaramin wuri sai ta kai mutum 22. In ba ka ga Najeriya ba, ba lalle ne babu kowa ba. Watakila su goma sha biyar ne.

Ƙiyasi da ƙirge ba ɗaya ba ne

A shafin za ka ga wasu jadawalai masu fara da B ko C ko S, ɗauke da shekaru irin 2018 zuwa 2022. Waɗannan ba ƙidaya ba ce. Wani bincike ne da ake kira ACS, wanda hukumar ke aika wa adireshi kusan miliyan uku da rabi kowace shekara, ta ɗauki amsarsu ta ƙiyasta na sauran. Wuraren da suka kai mutum 65,000 ne kawai ake fitar musu da na shekara guda. Ƙananan garuruwa sai an tara na shekara biyar an cuɗa.

Amfaninsa shi ne yana tambayar abin da ƙidaya ba ta tambaya. B05006 yana nuna ƙasar haihuwar waɗanda aka haifa a wajen Amurka: Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan kowace na da layinta, Nijar kuwa an tura ta cikin sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. B04006 na tushen kakanni ne. B03002 shi ne takwaran P2. C16001 yana nuna harshen da ake yi a gida, amma kada ka sa rai za ka ga Hausa. Larabci na da layinsa, Faransanci ma haka, Hausa da Somaliyanci da Yarabanci kuwa duk an zuba su a layin "sauran harsuna". A Postville in ka ga lamba a layin Jamusanci da danginsa, kada ka ce lalle tsofaffin manoma ne suka riƙe harshen kakanni. Yiddish, harshen da Yahudawan Turai da yawa ke yi, a nan ake lissafa shi.

Sharaɗin amfani da ACS ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi ga kowa: kada ka karanta lamba ba tare da ta kusa da ita mai alamar ± ba. Wannan ita ce tazarar kuskure. A ƙaramin gari abu ne da aka saba gani a ce, misali, 'yan wata ƙasa 40 ne, a gefe kuma a rubuta ±55. Ma'anarsa suna iya kusan kai ɗari, suna iya zama 'yan ƙalilan. Abin da ya faru shi ne takardar ta faɗa gida ɗaya ko biyu na mutanen ƙasar, kwamfuta ta ninka. Haka sifili ma ba hujja ba ce. Takardar ce ba ta faɗa gidansu ba. Ƙa'idata ita ce in tazarar ta kai rabin lambar, na ɗauke ta a matsayin alama cewa akwai su, ban ɗauke ta adadi ba.

Mutanen da aka ƙirga amma ba za ka gamu da su a kasuwa ba

Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda ya saba kwana a ranar 1 ga Afrilu. Ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta ɗan garin ne. Fursuna ma ɗan garin da kurkukun yake ne. Wannan na biyun ya yaudari mutane da yawa, domin gidajen yari na jihohi galibi a karkara aka gina su, cikin fararen fata, alhali baƙaƙe sun yi yawa a cikinsu fiye da kasonsu a ƙasa. Sai ka ga ƙauye ya nuna baƙaƙe masu yawa, ka je ka tarar duk suna bayan katanga.

A nan Iowa akwai garin Anamosa, mai mutum dubu biyar da 'yan ɗaruruwa, da babban kurkukun jiha a cikinsa. Akwai lokacin da aka raba garin mazaɓu bisa alƙaluman ƙidaya, sai mazaɓa guda ta kasance kusan duk fursunoni ne, waɗanda ba fursunoni ba ba su kai 60 ba. A 2005 wani ya zama kansila daga wannan mazaɓa da ƙuri'a biyu. Labarin ya zaga ƙasar, daga baya garin ya soke tsarin mazaɓun. Don kada ka faɗa wannan rami, ka buɗe P5. Shi ne ke nuna mutum nawa ne ke kwana a kurkuku, nawa a ɗakunan ɗalibai, nawa a gidan tsofaffi, nawa a barikin soja. In lambar ta yi girma, sauran jadawalan sai a karanta su da hattara. Garin kwaleji kuma yana da nasa: 'yan Asiya da 'yan Afirkan da ka gani a lissafi suna iya watsewa da zarar an yi hutun bazara.

Akwai kuma waɗanda suke nan amma ba a ƙirga su ba. Hukumar da kanta ta binciki aikinta na 2020 ta ce ta tsallake kimanin kashi 3.3 na baƙaƙen fata da kusan kashi 5 na Latino, ta kuma ƙirga fararen da ba Latino ba fiye da yadda suke da kashi 1.6. A garin da ya taɓa ganin an cika motoci da maƙwabta an tafi da su, ka san ba kowa ne zai buɗe wa mai ɗauke da takardar gwamnati ƙofa ba, duk da cewa doka ta hana hukumar ƙidaya miƙa bayanan mutum ga 'yan sanda ko jami'an shige da fice.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Don kada wani ya gano mutum ɗaya tilo daga jadawali, a 2020 hukumar ta sa kwamfuta ta ɗan jirkita lambobin ƙananan wurare da gangan, ta ƙara nan ta rage can. Jimillar jiha ba a taɓa ta ba, amma ta ƙauye an taɓa. Monowi a jihar Nebraska ya shahara da cewa mace ɗaya ce tak ke zaune a cikinsa, amma ƙidayar 2020 ta ce su biyu ne. Babu wanda ya tare. Lissafin ne ya haifi na biyun. Don haka in ka ga an ce 'yan Asiya uku ne a ƙauye, ka ɗauka 'yan kaɗan ne ko babu.

In za ka gwada shekara da shekara

Gwada 2010 da 2020 yana nuna inda gari ya dosa, amma da tarko a ciki. A 2020 hukumar ta sauya yadda take karanta abin da mutane suka rubuta da hannu. Sakamakon haka masu jinsi biyu ko fiye suka tashi daga miliyan 9 zuwa miliyan 33.8 a faɗin ƙasa, Latino da aka lissafa farare zalla kuma suka ragu da fiye da rabi. Ba mutanen ne suka sauya haka cikin shekara goma ba, ma'aunin ne. In ka ga layin farare na P1 ya faɗi warwas a garin da ke da Latino da yawa, kada ka yi saurin cewa farare sun gudu. Gwada P2 da P2, shi ya fi tsayawa. Za a sake wani sauyin ma: a Maris ɗin 2024 gwamnati ta amince a haɗe tambayoyin nan biyu su zama ɗaya, a kuma ba mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka akwatinsu. Jadawalan da za su biyo baya ba za su zauna daidai kan na da ba.

Wata dabara da nake so: P4 kamar P2 yake, amma na 'yan shekara 18 zuwa sama. Ka debe P4 daga P2, abin da ya rage yara ne. A garuruwan mayanka za ka tarar tsofaffin garin farare ne, 'yan firamare kuwa akasari 'ya'yan baƙi. Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ma tana fitar da alƙaluman ɗalibai duk shekara, makaranta-makaranta, kuma waɗannan ƙirge ne na gaske, sun kuma fi ƙidaya sabunta.

Addini, da abin da ba ya cikin jadawali

Ƙidayar Amurka ba ta tambayar addini. Wata doka ta 1976 ta hana tilasta wa mutum amsa wannan tambaya. Duk wanda ya ce maka ƙidaya ta nuna Musulmi kashi kaza ne a wani ƙauye, ka tambaye shi inda ya samo. Akwai wani ƙirge mai zaman kansa da ƙungiyoyin addinai ke yi duk shekara goma, U.S. Religion Census, amma a matakin gunduma yake tsayawa, kuma wuraren ibada yake bi. Ɗakin da ma'aikata suka kama haya a bayan kanti suna salla a ciki yana iya kuɓuce masa.

Launi ma ba ya nuna addini. A Cedar Rapids, birni na biyu a girma a Iowa, akwai masallacin da 'yan Siriya da Labanon suka gina a 1934, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma jikokin waɗanda suka gina shi a layin farare suke. A Waterloo, wani birni na Iowa, akwai dubban Musulmin Bosniya da suka zo bayan yaƙin shekarun 1990, su ma farare ne a takarda. Mai neman jam'in Juma'a ta hanyar duban layin baƙaƙe kaɗai zai wuce su bai sani ba.

Jadawalin kuma ba ya faɗa maka yadda za a karɓe ka. Akwai garin da kusan kowa fari ne amma maƙwabci zai zo ya share maka ƙanƙara a ƙofar gida, akwai mai gauraye da kowa ke zaman doya da manja.

Saboda haka in ka gama da lambobi, ka ɗauki waya. Kusan kowane ƙaramin gari yana da laburare, kuma ma'aikatansa sun san kowa. Ka aika musu saƙo ka tambaya ko akwai 'yan Afirka a garin da inda suke taruwa. In makaranta ce ta ɗauke ka, ka nemi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya haɗa ka da wani ɗan Afirka ta Yamma da ke can yanzu, ka tambaye shi inda yake sayen nama da inda yake Juma'a. Ka buɗe taswirar Google ka nemi masallaci da kantin halal mafi kusa, ka duba tafiyar minti nawa ce a mota. Daga Postville zuwa Cedar Rapids kusan awa biyu ne in hanya na da kyau. A watan Janairu, in dusar ƙanƙara ta sauka, ka ƙara a kan haka, kuma ka tuna yawancin waɗannan garuruwa ba su da motar haya ko bas, don haka kuɗin tsohuwar mota da lasin tuƙi su shiga cikin kasafinka tun kafin ka sayi tikiti.